Yankan Nama daga Hannun Sarki: Ibn Fadlan a Ƙasar Bulgar

Ranar Alhamis, 16 ga Muharram na shekarar 310 bayan Hijira, wato tsakiyar watan Mayu na 922, aka shigar da wasu baƙi daga Bagadaza cikin tantin Almish, sarkin Bulgar, a kusa da inda kogin Kama ke haɗuwa da Volga, a ƙasar Tatarstan ta Rasha ta yau. Sarki na bisa gadon mulki da aka lulluɓe da alharinin Rum, sarakunan da ke ƙarƙashinsa suna damarsa, 'ya'yansa suna gabansa, aka zaunar da baƙi a hagunsa. Aka kawo tebur guda, babu komai a kansa sai gasasshen nama. Sarki ya ɗauki wuƙa ya yanki loma ya ci, ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku, kowa na kallo. Sannan ya yanki wata ya miƙa wa Sausan, shugaban tawagar. Hannunsa na karɓa, sai aka ajiye masa ɗan ƙaramin tebur nasa shi kaɗai. Haka aka bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. A wannan fada ba mai taɓa abinci sai sarki ya ba shi da hannunsa, ba mai sa hannu a teburin wani, kuma abin da mutum ya rage shi zai ɗauka ya tafi da shi masaukinsa.

Wanda ya rubuta labarin wannan zama shi ne Ahmad ibn Fadlan, magatakardan tawagar. Aikinsa ne ya karanta wasiƙun Halifa Muƙtadir, ya miƙa kyaututtuka, ya kuma lura da malaman da aka tura su koyar da addini. Almish ne ya aika Bagadaza yana roƙon malamai, da masallaci, da kuɗin gina ganuwa don ya kare kansa daga Hazarawa, waɗanda ke karɓar harajin fatar dabba daga kowane gida a ƙasarsa, suna kuma riƙe da ɗansa a matsayin jingina. Tawagar ta bar Bagadaza a watan Yuni na 921. Sai da ta yi kusan wata goma sha ɗaya a hanya.

Ya kamata a tuna irin birnin da mutumin ya fito. A cikin wannan ƙarni ne Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara littafinsa na girke-girken fadar Abbasawa, mai ɗauke da nau'o'in abinci fiye da 600. Bagadaza gari ne na man zaitun da man riɗi, da gidajen wanka a kowace unguwa, da wanke hannu kafin ci da bayan ci. Mai irin wannan tarbiyya ne aka tura ya ratsa ƙasashen da mutum ke sa riga ba ya tuɓe ta sai ta yage a jikinsa.

Sanyi ya fara gwada shi kafin abinci. Hunturu ya tsare tawagar a Jurjaniya, cikin ƙasar Hawarizm, inda kogin Jaihun ya daskare wata uku, har dawakai da amalanke suna bi ta kansa kamar hanya. Ibn Fadlan ya ce kaurin ƙanƙarar ya kai taƙi 17. Bayan ƙarni uku, Yaƙut al-Hamawi, wanda shi ma ya zauna a yankin, ya ƙaryata wannan adadi, ya ce iyakarta taƙi biyar. Ko da an rage wa labarin gishiri, sauran ya ishi mutum: ya fito daga gidan wanka, kafin ya kai masauki gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara, sai da ya gasa shi a wuta. A nan ya lura da wani abu da ya nuna yana da ido. Mutumin Jurjaniya in yana son ya karrama abokinsa, wuta yake gayyatarsa ya zo ya ji. Almajirin garin kuma ba ya tsayawa a bakin ƙofa, shiga yake ya zauna gaban murhu ya ji ɗumi tukuna, sannan ya roƙi gurasa.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, suka sayi raƙuman Turkawa masu tozo biyu, suka ɗinka jiragen fata don tsallake koguna, suka yi guzurin wata uku na gurasa da gero da busasshen nama mai gishiri. Mutanen gari suka ba su shawara kan tufafi, suka bi, har kowannensu in ya hau raƙumi ba ya iya motsi saboda riga kan riga da fata kan fata. A daidai nan ne malaman da aka turo daga Bagadaza suka ji tsoro, suka ce ba za su shiga wannan ƙasa ba. Nauyin koyarwar duka ya koma kan magatakarda. A farkon watan Maris na 922 suka bi wani babban ayari, mai dabbobi kusan 3,000, suka nufi arewa.

Ƙasar Oguz, Turkawa makiyaya da ba su musulunta ba a lokacin, ita ce inda matsalar abinci ta fi tsanani, kuma ita ce inda aka fi samun maganinta a shirye. Oguz ba sa yanka. Tunkiya dukanta suke yi a ka har ta mutu, abin da Musulmi ba zai ci ba. Amma fataken Hawarizm sun daɗe suna bin wannan hanya, kuma su da masu ƙasar sun riga sun ƙulla wata al'ada. Ba Musulmin da zai ratsa ƙasar sai yana da aboki Baturke da zai sauke shi. Baƙo zai kawo wa mai masaukinsa riga, ya kawo wa matarsa mayafi, ya haɗa da masoro da gero da zabibi. Shi kuma mai masauki zai kafa masa tanti, ya koro masa tumaki da ransu gwargwadon ƙarfinsa, ya bar shi ya yanka da hannunsa. Ba a nemi Baturke ya canza yadda yake kashe dabbarsa ba, ba a kuma nemi Musulmi ya ci mushe ba. Abotar ta wuce batun nama: in raƙumin falke ya gaji, mai masauki zai ara masa wani, har da kuɗi, sai ya dawo ya biya.

Abin da wannan al'ada ba ta warware ba shi ne tsarki. Oguz na ƙyamar ganin mutum yana wanka. In suka ga Musulmi da ruwa, sai su ce yana duba cikinsa ne don ya yi musu sihiri, su ci shi tara. Don haka fatake ke jira sai dare ya raba, su yi wankansu a ɓoye. Ibn Fadlan ya zuba wa Oguz kalmomi masu zafi a takarda saboda rashin wankansu, amma ko kusa bai ce ya tsaya yi musu wa'azi a kai ba. Yana tsakiyar daji, a hannunsu yake, ya kuwa sani. Wata rana wani Baturke guda, cikin tsumma, ya tare ayarin gaba ɗaya ya ce ba mai wucewa. Suka ambaci sunan wani babban basaraken Oguz, suka ce su abokansa ne, mutumin ya yi dariya ya zagi basaraken. Sannan ya nemi gurasa da harshen Hawarizm. Ibn Fadlan ya miƙa masa 'yan ƙwarori, ya buɗe musu hanya. A wani zangon kuma shugabannin mayaƙa suka yi kwana bakwai suna shawarar ko a datse baƙin gida biyu, ko a tuɓe su, ko a miƙa su ga Hazarawa, kafin a bar su su wuce, su kuma suka ba shugabannin kyaututtuka.

Bayan kwana 70 daga Jurjaniya suka isa Bulgar. Tun da sauran tafiyar yini da kwana, sarki ya turo 'yan'uwansa da 'ya'yansa su tarye su da gurasa da nama da gero. A nan baƙon ya sauke numfashi, don ya iso ƙasar Musulmi. Sai dai tukunyar ba ta san da wannan zumunci ba. Alkama da sha'ir suna da yawa, amma abincin yau da kullum gero ne da naman doki. Ba su da rumbu, rami suke haƙawa su zuba hatsi, bayan 'yan kwanaki ya fara wari. Ba man zaitun, ba man riɗi, sai man kifi, saboda haka duk abin da aka dafa ƙarni yake yi. In aka dafa sha'ir da nama, iyayen gida su cinye naman, a ba kuyangi sha'irin. Bayan cin naman nan na fada, sarki ya sa aka kawo wani abin sha na zuma da suke kira suju, ya miƙe tsaye ya sha don girmama Halifa, kowa ya miƙe tare da shi. Ibn Fadlan bai manta ya rubuta cewa abin shan na yini ɗaya da dare ɗaya ne ba, kamar mai tunanin irin tambayar da za a yi masa in takardar ta isa Bagadaza.

Har rana da dare ba su zo masa yadda ya saba ba. Wani dare ya zauna hira da telan sarki, wanda shi ma mutumin Bagadaza ne, suna jiran kiran isha'i. Da aka yi kira suka fito, sai ga alfijir ya keto. Ladan ya gaya masa cewa a wannan lokaci na shekara tare da magariba suke yin isha'i, kuma shi wata guda ke nan bai yi barcin dare ba don tsoron kada asuba ta kuɓuce masa. Mutum kan ɗora tukunya da magariba, a yi sallar asuba ba ta nuna ba.

Duk wannan ya jure, kuma bayaninsa a kai ya fi kama da na mai mamaki fiye da na mai ƙorafi. Wahalarsa ta gaske ta taso daga wani wuri dabam. A hannun Oguz shi baƙo ne kawai, ya kama bakinsa. A Bulgar kuwa wakilin Halifa ne, ya zo da niyyar gyara. Ya sa sarki, mutum mai ƙiba, ya tsaya da ƙafafunsa har aka gama karanta wasiƙar Halifa. Ya gyara yadda ake ambaton sarki a huɗuba, Almish ya karɓa, har ya ɗauki sunan Ja'afar ɗan Abdullahi. Ya ji ladan yana maimaita kalmomin iƙama sau biyu-biyu, yadda Hanafawa ke yi, ya ce a fadar Halifa sau ɗaya-ɗaya ake yi, sarki ya ba da umarni a canza.

Amma mai gyara ya zo hannu rabbana. Wasiƙar da ya karanta ta ambaci dinari 4,000 na gina ganuwa, kuɗin da aka ce a karɓo daga wata gona ta tsohon waziri Ibn al-Furat a Hawarizm. Wakilin gonar ya yi dabara aka kama wanda aka tura karɓar kuɗin tun a hanya, tawagar kuma ta ci gaba ba tare da su ba. Ibn Fadlan ya gargaɗi abokan tafiyarsa tun a Jurjaniya cewa sarki zai nemi kuɗin, suka ce ba komai. Kwana uku bayan walimar nama, Almish ya kira shi, ya jefa masa wasiƙun, ya tambayi inda dinarin suke. Ya ce sauran 'yan tawagar ba ruwansa da su, shi magatakarda shi ya sani, don shi aka aiko ya isar da magana.

Da sarki ya yanke ƙauna, sai ya umarci ladan ya koma iƙamarsa ta dā. Ibn Fadlan ya ji, ya daka wa ladan tsawa. Sarki ya tara tawagar duka, ya sa tafinta ya yi musu wata tambaya irin ta malamai: mutum ya ba wasu amanar dukiya su kai wa raunanan mutane da abokan gaba suka kewaye, suka ci amanar, shin wannan ya halatta? Suka ce bai halatta ba. Da saɓanin malamai ko da ijma'i? Suka ce da ijma'i. Sai ya ce to shi ba zai ƙara karɓar koyarwar addini daga bakinsu ba, sai wanda zai gaya masa gaskiya ya zo. Ibn Fadlan ya rubuta da kansa cewa ba su sami amsa ba, suka tashi suka fita. Wannan shi ne wuri mafi daraja a littafin, don ba kowane ma'aikaci ne zai sa irin wannan kunya cikin rahotonsa ba. Daga baya sarki ya riƙa jan shi a jiki fiye da sauran, yana kiran shi Abubakar Siddiƙu, laƙabin da ke da wuya a raba yabo da ba'a a cikinsa. Ya kuma gaya masa cewa da ya so, da dukiyarsa ta isa gina ganuwar, albarkar kuɗin Halifa yake nema.

Sauran gyare-gyaren ma ba duka suka kama ba. Ya tarar maza da mata suna wanka tare a kogi ba sutura, alhali hukuncin zina a wurinsu kisa ne mai tsanani. Ya yi ta ƙoƙari mata su riƙa rufe jiki, ya kuma amsa cewa bai yi nasara ba.

Rahoton ya daɗe ana saninsa ta guntayen da Yaƙut ya kwafa cikin ƙamusunsa na garuruwa, har zuwa 1923, lokacin da masanin tarihi Zeki Velidi Togan, ɗan ƙabilar Bashkir, ya gano wani kwafi mai tsawo a birnin Mashhad na Iran. Shi ma ya yanke ne a tsakiyar bayanin Hazarawa. A 2022 Tatarstan ta yi bikin cika shekara 1,100 da isowar tawagar, tana ɗaukar ta a matsayin ranar da Musulunci ya zama addinin ƙasa a bakin Volga. Musulmin yankin Hanafawa ne har yau, kuma a masallatan Kazan sau biyu-biyu ake maimaita kalmomin iƙama.