Kujerar Ɗauka: Tarihin Abin Hawan da Ake Saɓawa a Kafaɗa

Kujerar ɗauka, ko gadon ɗauka, abin hawa ne marar taya, ba kuma dabba ke jansa ba. Mazauni ne da ake ɗaura wa sanda ɗaya ko biyu, mutane su saɓa a kafaɗa ko su riƙe a hannu, su yi tafiya da wanda ke ciki. Wani buɗe yake kamar kujerar zaure, wani akwati ne mai rufi da ƙofa da labule, wani kuwa ragar kwanciya ce kawai da aka rataya a jikin gora. A ƙasar Hausa doki ne abin hawan manya, shi ya sa in aka ce an ɗauki mutum a kafaɗa, makara ce ke fara zuwa mana a zuci. A ƙasashe da yawa ba haka ba ne. Shekaru dubbai, hawan kafaɗar mutane shi ne alamar sarauta da arziki, kuma sana'a ce da talakawa masu yawa suka ci abinci da ita.

Daga Masar zuwa Roma

Ɗaya daga cikin mafi tsufa da ake da su a yau ita ce ta Sarauniya Hetepheres, mahaifiyar Fir'auna Khufu wanda ya gina babbar dalar Giza. An gano kayanta a Giza a 1925, kuma shekarunsu sun kai wajen 4,500. Itacen ya riga ya ruɓe, sai da aka sāke harhaɗa kujerar, amma adon zinariya da rubutun sunanta suna nan.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun gamu da wannan abin hawa, ko da ba su lura ba. Waƙar Waƙoƙi 3:9-10 ta kwatanta wanda Sarki Sulemanu ya yi wa kansa da itacen Lebanon, ginshiƙansa na azurfa, mazauninsa na shunayya, ayoyin da suka gabata kuma sun ambaci jarumawa sittin da ke kewaye da shi. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita, appiryon, sau ɗaya tak ta fito a cikin Tsohon Alkawari duka, shi ya sa masu juyi suka sha bamban a kanta. Waɗansu masana na ganin an aro ta daga Helenanci, waɗansu sun kai ta har Farisa ko Indiya. Idan juyin da ke hannunka ya ce karusa, kada ka zana dawakai a ranka.

Romawa suna kiran nasu lectica. Gado ne mai katifa da labule, bayi ke ɗaukarsa, kuma yawansu ke nuna nauyin aljihun ubangidansu: shida, ko takwas ga wanda ya ƙasaita. Yuliyus Kaisar ya kafa dokar da ta hana hawansa sai ga masu wani matsayi da shekaru, a waɗansu ranaku. A cikin irin wannan gado ne sojoji suka cim ma Cicero, shahararren mai jawabin nan, suka kashe shi a shekara ta 43 kafin haihuwar Almasihu.

Asiya

A Asiya ne abin ya fi yin jijiya. A Indiya sunansa palki, daga wata tsohuwar kalmar Sanskrit mai ma'anar gado. 'Yan Fotugal ne suka ɗauki kalmar suka kai Turai, har ta zama palanquin. Akwai ƙarami mai suna doli, wanda a cikinsa ake kai amarya gidan miji. Kafin jirgin ƙasa, mai tafiya mai nisa yakan yi hayar palki, a tanada masa ayarin masu ɗauka a zango-zango, waɗannan su sauke waɗancan su saɓa, a yi ta tafiya har da dare da mai riƙe da jiniya a gaba. Masu ɗaukar suna tafe suna rera waƙa don ƙafafunsu su daidaita, gama mutum ɗaya ya ɓata taki, sandar ta ci kafaɗar kowa. Aikin kuma gādo ne na waɗansu zuriyoyi, irin su Kahar, waɗanda tsarin al'umma ya ajiye a ƙasa. A 1827 masu ɗaukar palki na Kalkata suka ajiye aiki domin hukuma ta ƙayyade kuɗin haya, ta kuma ce kowa ya ɗaura lamba a hannu. Ana lissafta wannan cikin yajin aiki na farko-farko a tarihin Indiya.

A Sin doka ce ke faɗin launin kujerar ma'aikacin sarki da yawan masu ɗaukarsa, gwargwadon muƙaminsa. Amarya kuwa ja ake kai ta a ciki. A Japan, zamanin Edo (1603 zuwa 1868), akwai kago, ɗan kwando da ke rataye a sanda ɗaya, na talaka mai 'yan kuɗi, da norimono, akwati mai ado na manya. A cikin nasa aka kashe babban waziri Ii Naosuke a ƙofar fadar Edo a 1860. Koriya ma na da nata, gama.

Ranar Kajamarka

A nahiyar Amurka ta dā babu doki, ba a kuma sufuri da taya, don haka kafaɗa ce kaɗai karusar sarki. Ran 16 ga Nuwamba 1532, Atahualpa, sarkin Inka, ya shiga dandalin garin Kajamarka a ƙasar Peru ta yau, bisa kujerar da aka yi wa ado da zinariya da gashin aku, mutum wajen 80 na ɗauke da shi. Francisco Pizarro da mutanensa, waɗanda ba su kai 200 ba, suka yi masa kwanton ɓauna. Mutanen Sifen da suka ga abin da idonsu sun rubuta cewa ana saran masu ɗaukar amma ba su saki ba. Wanda ya faɗi, wani ya shiga gurbinsa, har sai da aka kifar da kujerar aka kama sarkin. Littattafan tarihi sun riƙe sunan sarki da na wanda ya kama shi, ba su riƙe na masu ɗaukar ba.

Turai, da muhawarar da ta biyo abin

A 1634 wani mai suna Sanders Duncombe ya sami izinin sarki na shekara 14 ya riƙa ba da hayar kujerun ɗauka a Landan. Dalilin a fili yake: lunguna matsattsu ne, ga taɓo, ga cunkoson kekunan doki. Mutum biyu ke ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, da ɗamarar fata a kafaɗa, suna iya shiga da kujerar har cikin gida su ɗauko mai hawa, takalminsa bai taɓa ƙasa ba. Sai aka yi musu tasha da lamba da ƙayyadadden farashi, kamar tasi. A Landan yawancin masu ɗaukar 'yan Ayalan ne, a Edinbara kuwa mutanen tsaunukan Sikotilan, wato baƙin da talauci ya koro birni. Fafaroma ma yana da tasa, sedia gestatoria, mai masu ɗauka 12. Yohanna Bulus na Ɗaya ne ya hau ta a ƙarshe a 1978, magajinsa ya bar ta.

Ba yau aka fara jin nauyin abin a lamiri ba. An ba da labarin Wang Anshi, babban wazirin Sin a ƙarni na 11, cewa bayan ya bar aiki jaki yake hawa, ya ƙi kujerar ɗauka domin bai yarda a sa mutum a gurbin dabba ba. Kusan irin wannan gunaguni mutanen Landan suka yi wa Duke na Buckingham lokacin da ya fara yawo a cikinta a farkon ƙarni na 17. Sai dai a ganina ba wannan ƙorafi ne ya kawar da kujerar ba. Hanyoyi ne suka gyaru. A Japan keken da mutum ke ja ya fito wajen 1870, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin biyu, da sauri kuma da araha, cikin 'yan shekaru kago ya ja baya. A Hong Kong jirgin hawan dutse da aka buɗe a 1888 ya fara cinye kasuwar masu ɗauka. A Indiya jirgin ƙasa ne ya yi aikin.

Afirka

A kurmin Afirka ta Yamma ƙudan tsando ba ya barin doki ya rayu, don haka sarakunan Akan na ƙasar Gana a kan apakan suke fita, ƙarƙashin manyan laima, ana kiɗa suna rawa daga zaune. Hausawan zangon Kumasi sun san wannan a manyan bukukuwan Asantehene. A Madagaska akwai filanzana, a gabashi da tsakiyar Afirka akwai machila, a Kwango kuma tipoye. Da Turawa suka zo, sai ragar ɗauka ta zama abin hawan jami'an mulkin mallaka, sau da yawa kuma aikin tilas ne ake ɗora wa ƙauyuka. Ya kamata mu faɗi gaskiya cewa 'yan mishan da yawa ma a kafaɗar 'yan ƙasa suka shiga wuraren da suka yi aiki. Akwai kuma ɗaukar da larura ta kawo: da ciwo ya ci ƙarfin David Livingstone a 1873, a gadon ɗauka abokan tafiyarsa suka kai shi ƙauyen Chitambo a Zambiya ta yau, inda ya rasu. Daga nan Susi da Chuma da sauran ayarin suka ɗauki gawarsa wata da watanni har bakin teku a Bagamoyo.

A yau kujerar ta rage a bukukuwan sarauta da na aure, da kuma wuraren da mota ba ta hawa. Tsofaffi masu ziyarar ibada zuwa Kedarnath a tsaunukan Himalaya, da masu yawon buɗe ido a dutsen Huangshan na Sin, har yanzu suna biyan mutane su haura da su a kafaɗa.