Gwajin Kumfa da Tumakin Liggins: Yadda Aka Koyi Auna Huhun Bakwaini

A watan Nuwamba ne ake Ranar Jarirai Bakwaini ta Duniya, kuma duk shekara akan maimaita ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikar watanninsu a 2020. Ba kasafai ake ba da tarihin tambayar da ta daɗe tana hana likitocin mata barci ba: idan dole a ciro ɗa yau don ceton uwa, huhunsa ya ƙosa ko da saura?

Wani abin mamaki shi ne, amsar ta fara fitowa ne daga ɗakunan binciken iskar guba ta yaƙi. Richard Pattle a Porton Down ta Ingila a 1955, da John Clements a sansanin sojan Edgewood na Amurka jim kaɗan bayansa, su suka gano cewa cikin huhu a shafe yake da wani maiƙo da ake kira safaktan. In babu shi, ƙananan aljifan iska na huhu sukan manne kamar jiƙaƙƙiyar leda duk lokacin da aka fitar da numfashi. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead na Jami'ar Harvard suka nuna cewa maiƙon nan ne babu a huhun jariran da sarƙewar numfashi ke kashewa.

Duniya ba ta farga ba sai a Agustan 1963, lokacin da aka haifa wa Shugaba John Kennedy ɗa, Patrick, saura makonni biyar da 'yan kwanaki cikin ya cika. Duk da ƙwararrun asibitin yara na Boston, awa 39 kawai ya yi a duniya. Mutuwar ɗan shugaban ƙasa ta jawo hankali da kuɗin bincike zuwa ga cutar da ta daɗe tana cinye 'ya'yan talakawa ba a ji ba.

A 1971 Louis Gluck na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego ya fito da gwajin farko mai inganci. Akan soka allura ta cikin uwa a zuƙo ruwan faya, a auna maiƙo biyu, lesitin da sifingomayelin. Wajen mako na 35 lesitin kan yi tsalle, ɗayan kuwa ya tsaya inda yake. Idan na farko ya ninka na biyu, huhu ya ƙosa. Sai dai aikin na bukatar ɗakin gwaji da awanni, kuma yakan yi ruɗi a wajen masu ciwon suga. Shekara guda bayan haka Clements ya kawo hanyar da ƙaramin asibiti ma zai iya: a haɗa ruwan fayar da etanol a kwalbar gwaji, a girgiza daƙiƙa 15, a ajiye minti 15. Idan zoben kumfa ya tsaya a bakin ruwan, akwai safaktan. Jini ko kashin jariri na farko kan ɓata sakamakon, kuma sau da yawa kumfa kan ƙi tsayawa alhali yaron lafiyarsa lau.

Gwaje-gwajen nan labari kawai suke bayarwa, ba sa magani. Maganin daga garken tumaki ya ɓullo. Graham Liggins, likitan mata a Oklan ta Niyu Zilan, yana binciken abin da ke tayar da naƙuda ne a tumaki, sai ya lura cewa 'yan tumakin da aka ba sinadarin kotizon tun suna ciki suna iya numfashi, duk da an haife su tun lokaci bai yi ba. Shi da likitan yara Ross Howie suka gwada allurar betametazon a kan mata 282, suka wallafa sakamakon a 1972: sarƙewar numfashi ta sauko daga kimanin kashi 26 cikin ɗari zuwa 9.

Nan ne ake taƙaddama har yau, domin sai da aka shafe sama da shekara 20 kafin allurar ta zama ruwan dare. Masu kare likitocin wancan zamani sun ce tsantseni ne: annobar talidomaid, maganin da ya sa aka haifi dubban yara da nakasassun gaɓoɓi, ba ta daɗe da wucewa ba. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya a shekarun farko, amma bai isa ya rufe shekara 20 ba, tunda an yi ta maimaita gwajin ana samun amsa iri ɗaya. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, maganin araha ne, babu kamfanin da zai ci ribar tallata shi. Kuma likitan mata ne zai yi allurar, likitan yara ne zai ga amfaninta, kowa na tsaye a ɓangarensa. Sai da Patricia Crowley ta tattara sakamakon gwaje-gwajen wuri guda a 1990, sannan hukumar binciken lafiya ta Amurka ta yi matsaya a 1994. Jadawalin da ke tambarin Cochrane, ƙungiyar tattara sakamakon binciken lafiya, daga aikin Crowley aka ɗauko shi.

A tsakanin nan, a 1980, Tetsuro Fujiwara na Japan ya zuba safaktan na huhun saniya a huhun jarirai goma, numfashinsu ya daidaita. Da allura da safaktan da hoton ciki suka wadata, sai zuƙo ruwan faya don duba huhu ya ja baya, yau da wuya a yi shi.

Amma tambayar ba ta mutu ba. Wani babban bincike na 2015 a ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa yin allurar barkatai, ba tare da sanin ainihin makonnin ciki ba, ya ƙara mace-macen jarirai. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kuwa, a asibitoci 29 da suka haɗa da na Najeriya, inda aka tabbatar da makonnin da hoto, ya nuna allurar ta rage mutuwar daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Don haka mai juna biyu ta fara awo da wuri, a yi mata hoto tun cikin yana ƙarami, maigida kuma ya ba da izini da kuɗin mota.