Daga Ina Ake Fara Ƙirga? Tarihin Awon Nisa a Yola da Jimeta

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya doshi jihar Adamawa zai riƙa cin karo da alluna a gefen titi ɗauke da sunan Yola da adadin kilomitocin da suka rage. Ba kasafai mukan tambayi inda wannan ƙirga take tuƙewa ba. Gari dai faɗi gare shi, awo kuwa sai daga wani ɗigo zuwa wani. Tambayar ta fi nauyi a Yola, domin suna ɗaya ne yake lulluɓe da garuruwa biyu. A wannan maƙala za mu bi sawun wurare uku da aka ɗauka a matsayin mafarin awo, mu ga abin da kowanne yake faɗa game da masu iko a zamaninsa.

Ƙofar Fada

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Fulatanci mai nufin tudu. Daga nan aka riƙa mulkin Fombina, wadda ta miƙe har cikin ƙasar da a yau ake kira Kamaru. A wancan zamani da kwana ake auna tafiya. Madugu ya san zango nawa ne tsakanin Kano da Yola, kuma lissafinsa kan sauya da damina, ko in kaya sun yi wa jakuna nauyi. Awo ne da ya dogara ga ƙarfin mutum da dabba.

Ga manzo da baƙo, tafiya ba ta ƙare ba sai an durƙusa a gaban Lamiɗo. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya iso Yola a watan Yunin 1851, bayan kimanin mako uku a hanya. Da yake tare da mutanen Barno ya zo, Lamiɗo Lawal bai sake da shi ba, kuma cikin 'yan kwanaki aka umarce shi da ya juya. Ƙafarsa ta taka gari, amma a ma'aunin lokacin bai isa ba, tun da fada ba ta karɓe shi ba.

Gidan Ƙarshe

Malamai kuma suna da nasu ma'aunin. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, matafiyi yana yin ƙasaru idan tafiyarsa ta kai baridi 4, wato mil 48 na awon malaman fiƙihu, kuma ba zai fara ba sai ya wuce gidajen gari. Ke nan a nan bakin gari ne abin lura. Hikimar a fili take: mutum bai zama matafiyi ba muddin yana cikin jama'arsa. Sai dai wannan iyaka tafiya take yi. Duk gidan da aka gina a bayan gari ya tura ta gaba, kuma yanzu da gine-gine suke cike filin da ke tsakanin Yola da Jimeta, batun ya zama na nazari ga malaman garuruwan biyu.

Dutsen Mil

Al'adar kafa dutse ɗaya a ce daga nan ake ƙirga tsohuwa ce. Rumawa ne suka ba duniya kalmar mil, daga lafazinsu mai nufin taku dubu, kuma sarkinsu Agustas ya kafa wani ginshiƙi a tsakiyar Rum, shekara 20 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a matsayin mahaɗar manyan hanyoyin daular. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, ya sa an kafa duwatsu masu rubutun Larabci da ke nuna nisa daga Dimashƙa da Ƙudus. A Landan daga Charing Cross ake aunawa, a Faris kuwa daga farfajiyar majami'ar Notre-Dame. A ƙasashe da dama da Ingila ta mulka, babban gidan waya aka ɗauka, saboda da mil ake lissafin ladan ɗaukar wasiƙu. Sawun wannan awo yana nan a sunayen wurare, irin su Mil Tara a Kano da Mil Shida a Jalingo.

Wannan tsari ya iso Fombina ne ta ruwa. Kamfanin Neja ya daɗe yana ciniki daga wani jirgi da ya girke a kogin Binuwai, domin ba a sakar masa mara a tudu ba. Ranar 2 ga Satumba, 1901, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Turawa suka riƙe sunan Yola ga lardin, amma hankalinsu yana bakin kogi, inda jirage ke tsayawa da damina su ɗebi gyaɗa da fatu. A can Jimeta ta bunƙasa da kantuna da ofisoshi da baƙi: Hausawa, Barebari, Nufawa, Yarabawa da Ibo.

Da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, da kuma Adamawa a 1991, Yola aka ambata a matsayin hedkwata, alhali gidan gwamnati da sakatariya da filin jirgin sama duk a ɓangaren Jimeta suke. Mai zuwa daga Mubi ta Song da Girei, da ya haye gada Jimeta ya shiga. Haka ma wanda ya biyo ta Numan. Direba zai ce an iso Yola, ya sauke fasinja a tasha, alhali mai nufin fadar Lamiɗo yana da sauran tafiyar wasu kilomitoci da ƙarin kuɗin mota.

Kammalawa

Mun ga cewa mafarin awo yana bin iko ne: fada a zamanin Lamiɓe, bakin gari a wurin malamai, ofis a zamanin Turawa da bayansu. An sauya mil da kilomita a shekarun 1970, yanzu ma taswirar wayar salula ke gaya wa matafiyi saura nawa, amma har yau wani ne ya zaɓi ɗigon. Yola ta ba da suna, Jimeta ta riƙe hanya, kuma kowacce tana da ƙaramar hukumarta. Abin tsoro shi ne a tashi da yaran da suka san Yola a allo, ba su taɓa sanin tudun da Modibbo Adama ya sauka ba. Zai kyautu hukumomin jihar da masarauta su kafa alama bayyananniya da za ta nuna wa baƙo inda ƙirgar ta tsaya, da kuma inda tarihin garin ya faro.