Akori-kurar Kakuri da Hannuwan da Suka Riƙe Ta

A shekarar 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe. Ɗaruruwan jiragen siminti ne suka yi cirko-cirko a kan teku, wani sai ya yi watanni kafin a sauke masa kaya. A shekarar ce kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, wadda gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa suka kafa kamfaninta tun 1972. Ga masana'anta a tsaye, amma kayan da za a harhaɗa ba su da hanyar shigowa ta ruwa. Sai aka koma sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga birnin Liyon suna sauka a Kano da inji da giya da ƙofofi a cikin akwatuna, manyan motoci su kwaso su zuwa Kaduna. Motar da daga baya ta zama ta mai doya da mai gawayi, a jirgin sama ta fara zuwa ƙasar nan.

Ba a kan fili Fijo ta sauka ba. Kudancin kogi ya daɗe da sanin ƙarfe. Mahaɗar jirgin ƙasa tana nan, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, sauran masaƙu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, ga kuma masana'antar ƙera makamai ta soja da aka kafa a 1964. Mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa sun saba tashi da jiniyar canjin aiki, sun saba da maiƙo a hannu. Wanda ya yi shekara goma yana kwance injin saƙa ba zai ji tsoron buɗe gaban mota ba.

Kawuna yana cikin waɗannan. Ma'aikacin masaƙa ne a Makera, ya yi adashi ya haɗa da kuɗin sallama ya sayi akori-kura 404 ta hannu a farkon shekarun 1980. Lokacin 504 ita ce motar hukuma, tun da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita haka, kuma Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Amma talaka bai damu da motar kwamishina ba. Tasa ita ce mai buɗaɗɗen baya, 404 da farko, 504 daga baya. Da ita Kawu yake bin hanyar Kachia, ya wuce Sabon Tasha da matatar mai, ya ɗauko doya da masara a Kujama da Kasuwan Magani, wani lokaci citta daga can ciki, ya sauke a kasuwar Litinin ta Kakuri. Ni ne yaronsa a ranakun da babu makaranta.

A wannan hanya, a wancan zamani, mota in ta tsaya maka a daji babu wayar da za ka kira bakanike. Shi ya sa kusan duk mai akori-kura rabinsa bakanike ne. A bayan kujerar Kawu akwai buhun sifanu, da fanbel na ajiya, da fulogi, da kwantak, da guntun kwali mai kauri, sai jarkar ruwa a baya wadda ba a sha ba a alwala da ita. Kuma injin kansa ya yarda a taɓa shi. Silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe guda, wuri wadatacce a kowane ɓangare har mutum ya zura hannu zuwa kafaɗa. Rigunan silindar ciro su ake yi a sa sababbi, don haka garambawul ba ya bukatar a kai gangar injin wani gari. A gindin mangwaro, da sarƙa da ƙarfe uku da aka kafa, na ga an sauke inji da safe an mayar da shi washegari.

Abu guda ne wannan inji ba ya yafewa: zafi. Gangarsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. In ya tafasa sosai kan yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma kamar koko, ka san kuɗin wata biyu sun tafi. Abin da ke tsakaninka da wannan asara kuwa ɗan ƙaramin abu ne da bai fi tafin hannu biyu ba, famfon ruwa, wanda ke manne a gaban kan injin, fanbel na juya shi, shi kuma yana tura ruwa daga lagireto ya zagaya injin ya dawo.

Famfo ba ya mutuwa bagatatan, sai ya yi gargaɗi, kuma sanin gargaɗin shi ne rabin sana'ar. Akwai wani ɗan rami a ƙarƙashinsa. In robar da ke tare ruwa ta fara gajiya, ta nan zai riƙa ɗiga, ya bar sawun tsatsa. In boris ne ya fara ci, za ka ji wani gurnani da ke tashi tare da totur. Kullum da asuba, kafin ya tayar da mota, Kawu sai ya kama fanka ya girgiza ta gaba da baya. In ta yi wasa ko kaɗan sai ya ce, "Ɗana, yau ba Kachia. Ɗauko min buhun nan."

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. A bar inji ya huce tukuna, don wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi ba ya mantawa har abada. A tsiyaye ruwan a bokiti. A sassauta janareto don fanbel ya saki, a cire fanka da tiyo, a kwance notinan da ke riƙe da famfon. Daga nan sai wurin da gaggawa ke ɓata wa mutane aiki: kankare tsohon gaskit daga fuskar alminiyam ba tare da an yi mata zane ba. Kawu yakan ɗauki lokaci a nan fiye da duk sauran aikin. In babu sabon gaskit, sai ya ɗora kwalin nan a fuskar famfon ya riƙa ɗan bubbuga shi da kan guduma har bakin ƙarfen ya yanka siffarsa da kansa, ramukan noti da komai, ya shafa giris. Ɗauri kuma a hankali, wannan noti sannan na daura da shi, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran, kuma ba a nuna ƙarfi, don zaren alminiyam in ya tsinke ka buɗe wa kanka wani sabon aiki. Fanbel ma da ma'auninsa: a danna da babban yatsa ya ɗan lotsa. Wanda ya ɗaure shi tamau don gudun ƙara, shi ne zai kashe sabon boris kafin damina ta fita.

Ba duk abin da garejojinmu suka koyar ba ne daidai, kuma ba zan ɓoye wannan don ƙaunar da nake musu ba. Al'adar cire ma'aunin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu zafi gare ta, ta cuci injina da yawa. Wanda ya san sanyin hunturun Kaduna da asuba ya san inji na bukatar ɗumi, in bai samu ba sai ya sha mai ya kuma ci ringi. Haka zuba ruwan rijiya ko na rafi tsagwaronsa, ba tare da maganin hana tsatsa ba. Na ga famfon da aka ciro fuka-fukansa sun cinye ƙarƙaf, yana juyawa amma ba ya tura komai, mai motar kuwa yana ta zagin lagireto.

Wannan ilimi ba daga makaranta ya fi yaɗuwa ba. Ma'aikacin Fijo in ya tashi daga aiki, da yamma sai ka gan shi a garejin ƙaninsa yana nuna yadda ake saita kafireta. Ogan gareji Bayarabe, mai shagon kayan gyara Ibo ne mai alaƙa da Nnewi, mai walda Bahaushe, yaran koyo kuwa Bajju da Gwari da Kataf da Nufawa, kuma duk da Hausa ake ciniki da faɗa da sulhu. Yaro zai yi shekaru yana wanke noti da fetur kafin a bar shi ya taɓa kan inji, ranar yaye a yi addu'a iri biyu a ci shinkafa tukunya ɗaya.

Sai 1986 ta zo da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, darajar naira ta faɗi. Masana'antar da yawancin kayanta daga waje suke ba ta da mafaka. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, sauran masana'antun mota na zamanin, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, duk suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a waɗannan shekarun wahala ne hannun kanikawan Kakuri ya fi kaifi. Sabon famfo ya yi tsada, don haka ba a jefar da tsoho. A fitar da sandarsa, a sa sabon boris da sabuwar roba, a mayar. In gangar ce ta tsage, a haye gada zuwa Panteka wajen masu narka alminiyam da masu injin gurza ƙarfe. Famfo ɗaya sai ya rayu sau uku.

Abin da ya dushe wannan gwaninta ba talauci ba ne, araha ce. Daga shekarun 1990 motocin gwanjo na Turai suka kwararo ta Kwatano, tare da kwantena-kwantena na kayan Beljiyam. Me zai sa ka wuni kana farfaɗo da famfo alhali ga wani an ciro daga motar da aka yanka a Turai? Me zai sa ka yi garambawul alhali za ka sayi inji sukutum ka ɗora? Gyara ya koma canji. Yaran da aka yaye a wannan zamani da yawansu sun iya cirewa da sawa, ba su taɓa ganin cikin abin da suke cirewa ba.

Sannan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamban 2002, suka raba garin da kogi. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu, Kiristoci da yawa suka baro na arewa. Garejin da Kawu ya fi zama ya watse. Ogan ya koma garinsu, mai walda ya haye Tudun Wada, kuma mutanen da suka yi shekara ashirin suna aron sifana a hannun juna suka koma sai an haɗu a jana'iza. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Dubban masu albashi da ke sayen doyar da akori-kura ke kawowa suka rasa aiki. A 2006 aka daina harhaɗa 504 a Kakuri, bayan Faransa kanta ta daɗe da barin ta, kuma a shekarar gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta na masana'antar ga kamfanin ASD Motors. Bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓi ragamar kamfanin na Fijo a 2012.

Yau Hilux ce sarauniyar hanyar Kachia, kuma mota ce mai ƙwari, ba na ƙin ta. Amma motocin yanzu ba su yarda da mai su ba kamar yadda Fijo ta yarda da Kawu. A ƙananan motoci da yawa famfon ruwa yana ɓoye a bayan bel ɗin da ke daidaita bugun inji. Ka kuskure haƙori kaɗan wajen mayarwa, fistin ya daki bawul. Laifin inji kuma sai an jona kwamfuta ta karanto. Direba ya koma mai jira a benci. Tsofaffin 504 masu buɗaɗɗen baya ba su ƙare ba, ana ganin su da lodin itace da bulo wajen Sabon Tasha da Maraban Rido, kuma masu su har yanzu da kansu suke kwanciya a ƙarƙashinsu, sai dai yawancinsu furfura ta cika musu kai.

A 2022 kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a sabuwar masana'anta a kan hanyar Abuja, kudu da gari, kuma cikin abin da yake fitarwa akwai akori-kura mai suna Landtrek. Na yi murna da jin haka. Sai dai har yanzu tana hannun ma'aikatu da kamfanoni, masu kai ta inda aka saye ta in ta yi tari. Za ta tsufa, a yi gwanjonta, ta faɗo hannun mai dakon citta. Ran da famfonta ya fara ɗiga tsakanin Kachia da Kujama, mai ita zai bukaci shago a Kakuri da ke da irinsa a farashin da zai iya, da littafin gyara da zai iya karantawa, da kuma wurin zura hannu a gaban injin.