Makarantar Turawa da iyakar Jibiya

Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa dangi ne, Hausarsu ɗaya, allon da suka fara karatu da shi ma ɗaya. Ingila da Faransa ne suka shata iyaka tsakaninsu a farkon ƙarni na 20, amma a ganina makaranta ce ta dasa rabuwar a zukata.

A ɓangarenmu na Jibiya Turawa ta hannun sarakuna suka bi. A 1922, zamanin Sarki Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun zauna a azuzuwanta kafin a mai da ita Kaduna a 1938. Ɗaliban ba su da yawa, akasarinsu na kusa da fada ne. Talaka kuwa, in dogari ya shigo gari neman yara, har cikin rumbu yake ɓoye ɗansa, don gudun kada a raba shi da addini. Duk da haka da Hausa ake fara koyarwa a ƙananan azuzuwa, shi ya sa rubutun boko ya zauna mana.

A ɓangaren Ɗan Isa kuwa, wato yankin Maraɗi, Faransanci ne tun ranar farko, yaron da ya yi Hausa a aji sai ya sha horo. Wanda ya yi zarra akan tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Hamani Diori ya yi karatu.

Je ka Magama da ke bakin iyaka ka gani. Jikokin gida ɗaya, wannan da takardar Ingilishi, wancan da ta Faransanci, sai sun koma Hausa sannan magana ta daidaita. Ya kamata hukumomin ilimi na Katsina da Maraɗi su ba harshen nan muhimmanci a aji.