Nauyi, Girgiza da Gajiyar Ƙarfe: Nazari a kan Ƙirar Kariyar Rufin Motocin Sahara a Yankin Agadez

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake ƙera kariyar da ake ɗora wa rufin motocin da ke shiga sahara su kwana a cikinta, musamman Toyota Land Cruiser da Hilux da ke bin hanyoyin Agadez. An bi hanyar lissafi, an auna tasirin kayan sama a kan daidaiton mota, an kwatanta bututun ƙarfe iri biyu, sannan aka ƙiyasta yawan girgizar da walda take sha a hanya mai gargada. Sakamakon ya nuna cewa kariya mai nauyi, wadda masu walda da masu mota suke ɗauka ita ce mai ƙwari, tana rage amincin motar, kuma karyewarta tana farawa ne daga ƙafafu da bakin walda.

1. Gabatarwa

Agadez ta daɗe tana zama ƙofar shiga Tenere. Tun shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya riƙa ratsa garin, kuma Mano Dayak da abokansa suka bunƙasa harkar kai baƙi yawon buɗe ido cikin duwatsun Ayar, motar da ke jan ƙafa huɗu ta zama jarin mutane da yawa. A 1991 UNESCO ta sanya yankin Ayar da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya, a 2013 kuma ta sanya tsohon birnin Agadez. Rashin tsaro ya durƙusar da yawon buɗe ido, amma motocin ba su tsaya ba: suna kai mutane da kaya Dirku da Bilma da Jado, suna zuwa Ingal lokacin taron makiyaya.

Tafiyar da babu gidan mai ko rijiya a tsawon ɗaruruwan kilomita tana tilasta wa direba ya ɗauki komai: mai, ruwa, safayar taya, tanti, tabarmi, itacen girki. Cikin mota na mutane ne, saboda haka sai a nufi rufi. Kariyar da ake shigowa da ita daga Turai ko Afirka ta Kudu tana da tsada, don haka yawanci mai walda ne yake ƙera ta, a Agadez ko Zinder, ko a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Waɗannan masu sana'a gwanaye ne, kuma da kayan aiki kaɗan suke fitar da abin da zai yi shekaru. Matsalar tana ga ma'aunin da ake yaba aikinsu da shi. Mai mota yakan hau kariyar ya yi tsalle, in ba ta lanƙwasa ba ya ce ta yi. Wannan gwaji yana auna nauyin da ke tsaye wuri ɗaya ne kawai, alhali abin da ke karya kariya da kifar da mota yana faruwa ne a cikin tafiya.

2. Hanyar nazari

Alƙaluman motar da aka yi aiki da su an zaɓe su ne don misali, kusa da na Land Cruiser jerin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984: nauyi kilo 2,500 da mutane a ciki, cibiyar nauyi a tsayin mita 0.8 daga ƙasa, tazarar taya ta hagu da ta dama mita 1.5, kayan rufi kuma a tsayin mita 2.1. Alƙaluman ƙarfe da alminiyam kuwa sanannu ne a ilimin injiniya. Duk mai son maimaita lissafin da motarsa zai iya sauya lambobin.

3. Cibiyar nauyi da haɗarin kifewa

Akwai ma'auni mai sauƙi da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta fara amfani da shi a 2001 wajen bayyana saurin kifewar motoci: a raba tazarar tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Yawan lambar da ta fito, yawan wuyar kifewa. A motar misalinmu, 1.5 a raba da 1.6 ya ba da 0.94. Idan mota sandararriya ce, sai gangaren gefe ya kai kimanin digiri 43 kafin ta tuntsure.

Yanzu a ɗora kayan da aka saba gani. Kariyar kanta kilo 50. Jarkokin ƙarfe shida na man dizal, kowace lita 20: litar dizal tana da kimanin kilo 0.84, jarkar kuma kusan kilo 4, wato kilo 21 kowace ɗaya, jimilla 126. Safayar taya da wilinta kilo 40. Jarkokin ruwa huɗu kilo 84. Sun haɗa kilo 300 ke nan, tun ba a ɗora tanti ko buhun gero ba. Cibiyar nauyin ta tashi daga mita 0.80 zuwa 0.94, ma'aunin ya faɗi zuwa 0.80, gangaren da motar za ta jure ya koma ƙasa da digiri 39.

Wani zai ce digiri huɗu ba komai ba ne. Sai dai lissafin ya ɗauka mota ba ta da sifirin kuma tayoyinta ba sa lotsawa. A rairayi direba yakan rage iskar taya don kada ta nutse, sai gefen tayar ya yi laushi. Idan ya ɗauki tudun rairayi a karkace, tayoyin ɓangaren gangare suna ƙara nitsewa, sifirin na wannan ɓangaren yana danƙarewa, jarkar da aka sha rabinta kuma ruwan cikinta yana kwararowa gefe guda a daidai lokacin da ba a so. Duk waɗannan suna cin rabonsu daga ɗan sararin da ya rage. Haka ma a kan kwalta, lokacin da aka kauce wa raƙumi ko rami da gudu.

Da a ce an sauke kilo 200 na mai da ruwa zuwa daɓen motar, a tsayin mita 0.9, aka bar kilo 100 kawai a sama, cibiyar nauyin za ta tsaya a mita 0.85, ma'aunin kuma 0.88. Kayan ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, wurin ajiya kaɗai aka sauya. A ganin wannan marubuci, babu wani gyara da za a yi wa ƙirar kariya da zai kai wannan amfani, kuma shi ba ya cin ko sisi. Rufi wurin kaya masu girma marasa nauyi ne: tanti, katifa, tamfol, tabarma.

4. Zaɓin ƙarfe

Kamfanonin mota suna ƙayyade nauyin da rufi zai ɗauka a cikin tafiya, kuma ga motoci da yawa bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba. Nauyin kariyar kanta yana cikin wannan adadi. Wasu masu ƙera kariya a Ostareliya ma suna umartar a rage kashi ɗaya cikin uku idan za a bar kwalta. Ke nan kowane kilo da mai walda ya ƙara wa kariya, ya ɗebe shi ne daga kayan matafiyi.

Bututu mai kusurwa huɗu na milimita 25 da 25, kaurin bango milimita 2, yana da kimanin kilo 1.4 a kowace mita. Kariya mai tsawon mita 2.2 da faɗin 1.4, da firam na ƙasa da na sama da sanduna shida a gicciye, za ta ci kusan mita 24, wato kimanin kilo 34 kafin a sa ƙafafu da raga. Idan aka ɗauki bututu na milimita 40 da 20, mai kaurin 1.5, aka tsayar da shi a kan siririn gefensa, nauyinsa ya ɗan gaza na farkon, amma juriyarsa ga lanƙwasa ta ninka biyu da ɗoriya. Dalili shi ne tsayin gefen sanda daga ƙasa zuwa sama ya fi kaurin bangonta tasiri nesa ba kusa ba. Da irin wannan bututu za a iya rage yawan sandunan. Wahalarsa ita ce waldar lantarki da sandar walda, wadda ita ce a kusan kowane shago, tana saurin huda bango mai kaurin 1.5 idan wutar ta yi yawa ko hannu ya yi jinkiri. Ana buƙatar siririyar sanda da ƙaramar wuta da haƙuri, kuma mai mota ya yarda ya biya ladan wannan haƙurin.

Alminiyam yana jan hankali saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kilo 2,700 a kowace mita kubik inda ƙarfe yake da 7,850. Amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, kuma irin da aka fi amfani da shi, 6061, yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a gefen walda saboda zafi. Ga kuma batun gyara: kariyar ƙarfe in ta tsage a Dirku za a sami mai ɗinke ta, ta alminiyam kuwa sai an nemo injin walda na musamman. Don haka ƙarfe ya fi dacewa da wannan yanki. Bututun ruwa mai rufin tutiya da wasu ke amfani da shi ya yi nauyi da yawa, hayaƙin waldarsa kuma yana sa zazzaɓi, abin da ya kamata a tausaya wa yaran shago a kansa.

5. Gargada, walda da ƙafafu

Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 19 cewa ƙarfe yana karyewa da nauyin da bai kai ya lanƙwasa shi ba, muddin an maimaita ɗorawa da saukewa sau da yawa. Hanya mai gargada injin yin wannan maimaici ce. Keith Mather ya bayyana a 1963 cewa tayoyin da ke gudu a kan busasshiyar ƙasa su ne da kansu suke tayar da waɗannan kunyoyi. Idan aka ɗauka tazarar kunya da kunya mita 0.8 ce, mota tana shan bugu 1,250 a kowace kilomita, kusan 21 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 60. Kilomita 800 na irin wannan hanya sun isa bugu miliyan ɗaya.

Tsagewar tana farawa ne a bakin walda, inda narkakken ƙarfe ya haɗu da jikin bututu. Wanda ya duba kusurwar kariya bayan doguwar tafiya zai iya ganin alamarta: siririn layi kamar gashi a kan fenti, da jar ƙura mai laushi a gefensa, wadda tsatsa ce da gogayyar ɓangarorin biyu ta niƙa. Al'adar goge walda da giranda har ta yi sumul sannan a cike ramukan da fila tana ɓoye wannan alama, tana kuma rage naman waldar. Gara a bar ta a fili, a shafa jan fenti, a sa ƙananan faranti masu kusurwa uku a mahaɗar ƙafa da firam don a raba nauyin, a kuma toshe bakin bututu don kada ruwan damina ya kwanta a ciki.

Ƙafafun su ne suka fi shan wuya. Land Cruiser jerin 70 tana da indararo a gefen rufi, kuma a kansa ake maƙala kariya. Indararon lanƙwasasshen kwano ne siriri. Idan kilo 300 suka zauna a kan ƙafafu huɗu masu ƙaramin tafi, kowane bugu yana sauka a wuri ɗan ƙanƙane, har kwanon ya tsage, ruwa ya fara shiga. Maganin shi ne aikin da gammo yake yi wa mai ɗaukar tulu: a ƙara yawan ƙafafu zuwa shida ko takwas, a faɗaɗa tafinsu ko a haɗa su da doguwar sanda da ta kwanta cikin indararon, a sa roba a tsakani, a kuma daidaita su da ginshiƙan bodi inda rufin ya fi ƙwari. Noti ya zama mai kulle kansa, domin gargada tana kwance na gama-gari. Sannan a tuna da birki: ƙa'idar Turai ta ɗaure kaya, EN 12195-1, tana ɗaukar cewa kaya suna tunkuɗowa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsu, don haka maƙallin da ya hana kariya tashi sama kawai bai wadatar ba, dole ya hana ta zamewa gaba.

Motocin a-kori-kura irin Hilux da Land Cruiser 79 suna da tasu matsalar. Gidan direba da bodin kaya kowanne zaune yake daban a kan shasi, shasin kuma yana murɗawa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa kwari. Kariyar da aka ɗaure ƙafafunta na gaba a rufin direba, na baya kuma a bodin kaya, an tilasta mata ta hana wannan murɗawa, aikin da ya fi ƙarfinta, sai ko dai waldarta ta tsage ko ta yage rufin. A irin waɗannan motoci kariyar ta tsaya gaba ɗaya a kan bodin kaya, ɓangaren da ya miƙa saman gidan direba ya kasance a rataye da tazarar da ba za ta bari su taɓa juna ba, ko kuma a ƙera guda biyu, kowace da ƙafafunta.