Bayan Jirgi Ya Kife

Mu Kanawa ba mutanen ruwa ba ne. Arzikin garinmu a bayan jaki da raƙumi ya zo, daga baya a jirgin ƙasa da mota. Ruwan da kakanninmu suka sani shi ne na rijiya da kududdufi da rafin Jakara, sai kogin Kano da na Challawa waɗanda kan cika da damina su koma rairayi da rani. Ko Kantin Kwari, da sunanta ya nuna a kwari take, ba ta ganin ruwa sai ranar da magudanai suka toshe, kamar ambaliyar watan Agustan 2022 da ta jiƙa dilolin atamfa da shadda a shaguna.

A zamanin Gwamna Audu Bako ne al'amarin ya sauya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Watari da ke Bagwai ta biyo baya, aka gama ta Challawa a 1992. Cikin rayuwar mutum guda, ƙauyukan da ake zuwa da ƙafa suka koma sai an haye ruwa mai zurfi. Kwale-kwale ya iso, kifi ya samu, noman rani ya kankama. Abin da bai iso tare da ruwan ba shi ne sanin abin yi idan jirgi ya kife.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zai haye zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Wata shida kafin nan, a watan Mayu, wani jirgin ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi. Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da muke yi ɗaya ce: lodi ya yi yawa, jirgin ya tsufa, hukuma ta yi sake. Gaskiya ne. Sai dai ba mu cika tsayawa kan 'yan mintunan da ke tsakanin kifewa da nutsewa ba, alhali akwai al'ummomin da suka mai da mintunan nan darasi, suka koyar da 'ya'yansu.

Waɗanda suka fi nisa a wannan fanni su ne Inuwit na tsibirin Girinland, can ƙarshen arewacin duniya. Jirginsu, wanda daga harshensu aka samo sunan kayak, siriri ne mai cin mutum ɗaya, an lulluɓe shi da fatar wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu, ba a bar masa ƙofa ba sai ramin da maharbi zai zura ƙafafunsa ya zauna. Ruwansu ƙanƙara ne, yakan sandarar da hannu cikin 'yan mintuna, don haka iyo ba ya ceton kowa, da yawansu ma ba su iya ba. Dabararsu ita ce kada mutum ya rabu da jirgin sam. In ya kife, kai a ƙasa, maharbi zai miƙa filafilinsa, wato abin tuƙin, zuwa saman ruwa, ya share shi gefe, ya murza ƙugu ya juyo da jirgin, kansa ne zai fito a ƙarshe. Wanda ya yi gaggawar ɗago kai don neman iska, komawa yake yi.

Wani Bajamushe ɗan mishan, David Crantz, ya zauna a cikinsu, ya fitar da littafi a 1765 inda ya lissafa hanyoyi 10 na wannan juyi. Kowace hanya da masifar da aka tanade ta dominta. Akwai ta wanda igiyar mashi ta naɗe wa hannu, akwai ta wanda filafili ya suɓuce masa sai 'yar sandar jifan mashi, har da ta hannu tsura. In duk sun ƙi, na kifen zai fito da hannuwansa ya bubbuga cikin jirgi, ɗan'uwansa ya kawo masa hancin nasa jirgin ya kama ya tashi.

Turawa sun daɗe suna kallo kafin su koya. A 1927 wani mutumin Ostiriya, Edi Pawlata, ya yi suna da iya juyin. Gino Watkins na Ingila ya koya a hannun Inuwit ɗin kansu, ya ƙware, amma a watan Agustan 1932 ya fita farauta shi kaɗai, aka tsinci jirginsa a kife, ba a ga gawarsa ba. Shekararsa 25. Shi ya sa masu kayak na yanzu, ko da sun iya juyi, suke maimaita ceton juna: mai ceto ya ja hancin jirgin da ya kife ya ɗora bisa nasa ruwan ya tsiyaye, ya birkito shi, ya jera shi da nasa ya danne, na cikin ruwa ya hau ta baya rub da ciki. Mai tafiya shi kaɗai kuwa yakan hura wata jaka ya saka a bakin filafili, ta zame masa madogara.

Jakar nan da za a nuna wa Bakabe dariya zai yi, don ya riga su da gora. Duk wanda ya ga hoton bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta a Matan Fada kowa da homa da ƙatuwar gora. Gorar ce ma'ajiyar kifi, ita ce kuma abin kwanciya a kai in hannu ya gaji. Ba Kabawa kaɗai ba: Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ake haye kogi a ƙasar Barno bisa manyan goruna da aka haɗe da itace. Bikin Argungu a sigarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma wasannin Kabanci da ake yi a cikinsa, tseren kwale-kwale da nutso da iyo da kamun agwagwar ruwa, mu 'yan kallo nishaɗi muke ɗaukarsu. A ganinmu makaranta ce. Yaron da ya taso yana faɗawa ruwa da gangan a gaban Sarkin Ruwa, ranar da jirgi ya juye da shi ba baƙon abu ya same shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masuncin kogi ya san kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ba ya saurin zuwa ƙasa ko ya cika da ruwa. Ba ya barinsa ya nufi gaɓa. Zai birkito shi, ya yi ta jijjiga shi har ruwan ya fantsale, ya kwashe saura da ƙoƙo, ya hau ta ƙarshensa don hawa ta gefe sake kifar da shi yake yi. Ya kuma san mai nutsewa ba ya gane ɗan'uwa, duk abin da ya cafka dannewa yake yi, saboda haka sanda ko gora ake miƙa masa, in dole sai an taɓa shi a zagayo ta baya. To, wannan sani na mutum biyu ne ko uku a ƙaramin jirgi. Ba a tanade shi don jirgin katako mai inji da ke ɗauke da mata da yara da buhuna da babura ba.

Nan ne zancen ya dawo Kwari. Inuwit yana da rigar fata mai suna tuilik, ana ɗaure ta a fuska da wuyan hannu da bakin ramin jirgi, don kifewa aka ɗinka ta. Mu kuwa jirgi a ranar kasuwa ko biki ko Maulidi ya fi cika, ranar da kowa ya ci ado. Babbar riga ta shadda yadi goma, zane da ɗankwali da hijabi har ƙasa, duk kayan da muke yanka a Kwari mu kai wa telolin Fagge, a cikin ruwa naɗe ƙafa da hannu suke yi, su hana ko gwanin iyo motsi. Ga uwa da goyo a baya.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kada a hau jirgi ba rigar kariya. Rigar nan yadi ce mai ƙarfi da abin da ba ya nutsewa a ciki, da maɗauri, kuma sai an yi ta daidai nauyin mai sawa, ta yaro dabam ta babba dabam. Bayan hatsarin Bagwai, matakin farko da gwamnatin Kano ta ɗauka shi ne dakatar da jigilar jirage a madatsar. Badau tana nan a tsallaken ruwa, asibiti da babbar kasuwa suna wannan ɓangaren.